Tsare Gida: Dabarar Ƙungiyar Da Ba Ta Da Gwanaye

Tsare gida salon wasa ne da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ke bi idan ta san abokan karawarta sun fi ta iya sarrafa ƙwallo. Manufarsa a ƙuntata wa abokin hamayya fili, sannan a nemi cin ƙwallo ta 'yan hanyoyin da aka haddace a wurin atisaye.

Batun ya shafi Jigawa kai tsaye. Jigawa Golden Stars, wadda aka sani da filin wasa na Haɗeja, ta hau gasar Firimiyar Najeriya a 2019, ta faɗo a 2021 tare da Adamawa United da Warri Wolves da Ifeanyi Ubah. Ga ƙungiya irin wannan, da ma ƙananan ƙungiyoyin Kafin Hausa da Auyo, kunnen doki a gidan wani riba ce, domin maki ɗaya kan raba mai tsira da mai faɗuwa.

Ginshiƙin dabarar shi ne kusanci. Ana jera 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu ko biyar a gabansu, kuma tazarar da ke tsakanin na baya da na gaba kada ta wuce mita 30. A toshe tsakiya, a bar wa abokin hamayya gefe. Ƙwallon da aka kwaso daga gefe dogon ɗan baya zai iya kore ta da ka, amma wadda aka zura ta tsakiya gola kaɗai take bari da mai cin. A haka Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2022 a ƙarƙashin Walid Regragui. Ƙwallo ɗaya tak aka ci ta kafin wannan mataki, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida.

Yanayin wuri ma yana da hukunci. A busasshen fili mai tauri, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, gajeren fasin a gaban raga ganganci ne, ko da kuwa shi ake yayi a gidajen kallo. Ya fi a ɗaga ta ga ɗan gaba mai ƙarfi, 'yan tsakiya su ruga su tsinci wadda ta faɗo. Zafin bazarar Haɗeja, wanda kan haura digiri 40, shi ma ba ya barin a bi ƙwallo da gudu har minti 90. Ana zaɓar lokacin matsa lamba, misali idan an mayar wa gola ƙwallo.

Cin ƙwallo kuwa ya fi zuwa ta bugun kwana da bugun tazara, waɗanda maimaici suke buƙata fiye da baiwa. Girka ta Otto Rehhagel ta ɗauki kofin Turai a 2004 bayan ta doke Faransa da Czech da Portugal da ci 1-0 kowacce. Duka ukun da ka aka ci, biyu daga bugun kwana.

Raunin salon a fili yake: idan aka riga cin ƙungiyar, dole ta fito neman ramuwa, ta buɗe bayanta. Saboda haka koci kan ajiye ɗan gaba mai gudu a benci, ya sako shi bayan an dawo daga hutun rabin lokaci.