Certified Meeting Professional

Certified Meeting Professional, a taƙaice CMP, takardar shaidar ƙwarewa ce ta masu shirya tarurrukan kasuwanci. An fara bayar da ita a Amurka a shekarar 1985, kuma ƙungiyar Events Industry Council ce ke kula da ita. Sai mutum ya yi shekaru yana aikin kafin ya zauna jarrabawar, wadda ta ƙunshi kasafin kuɗi, tsara wurin taro da kauce wa haɗari.

Takardar ba ta dindindin ba ce. Duk bayan shekara 5 sai an sabunta ta da shaidar ƙarin karatu, in ba haka ba ta daina aiki. Amfanin wannan sharaɗi ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da tarurruka intanet, har tsofaffin hannu suka koma koyon watsa taro kai tsaye.