Baitulmalin Ƙasa: Wa Ke Kwance Bakin Jaka, Wa Ke Ɗaure Shi?

Yau za mu yi magana bisa kasafin kuɗin gwamnati, watau tsarin abin da zai shiga baitulmali da abin da zai fita cikin shekara. Wata shekara ku ga an saki hannu, wata shekara ku ji an ce a tsuke. Mene ne dalili? Tarihin ƙasarmu Nijar zai ba ku amsa.

Cikin 1971 aka fara haƙo uraniyom a Arlit. Ran 15 ga Afirilu 1974, ana cikin yunwa, sojoji suka kifar da Jori Hamani, Seini Kunce ya hau mulki. Sai farashin uraniyom ya tashi. Sabon shugaba yana bukatar yardar talakawa, ga kuɗi kuma sun samu. Don haka aka yafe ma talaka lanho, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, aka gina otel Gaweye a Yamai. Inda kuɗi suka kasa, aka ci bashi a waje.

Daga 1980 farashin ya soma faɗuwa, amma bashi yana nan. Ku sani, gwamnati ba ta iya buga sefa da kanta, wannan aikin babban bankin BCEAO ne. Dole cikin 1983 aka nemi Asusun Lamuni na Duniya, FMI, daga baya kuma Bankin Duniya. Suka ce za su ba da rance, amma da sharaɗi: a rage kashe kuɗi, a rage ɗaukar ma'aikata, a saida ko a rufe kamfanonin gwamnati masu asara. Farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin.

To, tsukewa tana da masu jin zafinta. Bayan rasuwar Kunce a 1987, Ali Shaibu ya sassauta mulki, bakin mutane ya buɗe. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito don ƙin a rage kuɗin ilimi, aka harbe wasunsu a gadar Kennedy. Babban Taron Ƙasa na 1991, inda ɗalibai da ƙungiyar ma'aikata ta USTN suke da ƙarfi, ya ƙi sharuɗɗan masu ba da rance. Rance ya tsaya, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi.

Kun ga ke nan, hannu uku ke riƙe da bakin jakar: na mai mulki da ke neman goyon baya, na mai bin bashi, da na jama'ar da suka haɗa kai. Saboda haka, ƴan uwa, duk ran da kuka ji an yi alkawarin babban aiki, ku tambaya: da kuɗin wa, kuma wa zai biya in kasuwa ta faɗi?