Farin Dango da Tarihin Damina a Ƙasarmu

Da yawa daga cikinmu da neman abinci ya zaunar a Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, iyakar abin da ya rage tsakaninmu da fara shi ne wadda ake soyawa a barbaɗa mata yaji a ƙulla a leda. Amma duk wanda ya taɓa zama a gaban dattawan garinmu ya ji yadda muryarsu take sauyawa idan aka ambaci shekarar da fari suka sauka. Sukan ce rana ta dushe da hantsi, mata da yara suka fita da gwangwani da tsofaffin kwanoni suna bugawa, maza suka tayar da hayaƙi a gefen gonaki, amma kafin la'asar geron da ya kusa nuna ya koma kara zalla. Tun ina yaro nake tambayar kaina: a shekarun da ba a ganinsu, ina suke? Amsar ta fito daga inda ban zata ba, wato daga cikin jikin farar kanta.

Da farko ya kamata mu bambance. Ba kowace fara ce take yin dango ba. Wadda nake magana a kanta ita ce farar hamada, wadda masana suke kira Schistocerca gregaria. A mafi yawan shekaru halitta ce mai gudun 'yan uwanta, launinta ya saje da rairayi da ciyawa, tana tashi da dare ita kaɗai. A 1921 ne masanin ƙwari Boris Uvarov ya nuna cewa fara mai kaɗaici da fara mai dango, waɗanda ake ɗauka iri biyu ne, halitta ɗaya ce mai kama biyu. Idan ruwa ya sauka sosai a hamada, sai ta binne ƙwanta a rairayi mai laima, ciyawa ta fito, 'ya'ya su yi yawa. Da ciyawar ta fara bushewa sai su cunkushe a 'yan wuraren da suka rage da ɗanyen ganye, suna gogar juna a ƙafafun baya. A 2009 masana a jami'o'in Oksfod da Kambirij suka gano cewa wannan gogayya tana tayar da sinadarin sirotonin a jijiyoyinta, cikin 'yan sa'o'i ta daina gudun 'yan uwanta ta fara nemansu. Dangon da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yakan ƙunshi fari miliyan 40 zuwa 80, yana cin abin da mutum 35,000 za su ci a rana, yana kuma iya tafiyar kilomita 150 a yini.

Don haka tarihin fari tarihin damina ne. An yi manyan annobarsu daga 1926 zuwa 1934, daga 1940 zuwa 1948, da kuma daga 1949 zuwa 1963. A tsakanin 1928 da 1941 wani irin fari na daban, da ya taso daga fadamun Kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, ya mamaye yawancin Afirka. A cikin waɗannan shekaru ne yunwar 1931 ta yi mummunar ɓarna a ƙasar Zabarma. Sa'annan a shekarun ƙarancin ruwa na 1970 zuwa 1984, lokacin da dabbobinmu suka ƙare, fari sun yi shiru. Da ruwa ya dawo sai annobar 1986 zuwa 1989 ta biyo baya. Haka kuma daminar 2003 mai albarka ita ce ta haifi dangon 2004 da ya auka wa Nijar, aka shiga 2005 da rumbuna wayam. Abin da ɗaci, amma haka yake: ruwan da manomi yake roƙo shi ne yake tayar da abokin gabarsa.

To, a shekarun shiru fa? An daɗe ana zaton cewa yawansu yakan ragu ƙwarai, su rage 'yan tsiraru a lunguna daban-daban. Akwai hanyar gwada wannan zato. Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado da ta karɓa daga iyayenta. Idan annoba ta cinye gari har gida uku kacal suka rage, bayan ƙarni guda za a tarar jikokinsu duk jini ɗaya ne, bambancinsu kaɗan. Idan kuwa gari ya ci gaba da cika yana auratayya da maƙwabta, bambancin zai kasance da yawa, kuma zai yi wuya a raba jinin wannan gari da na wancan. Wannan ma'auni ne Marie-Pierre Chapuis da abokan aikinta na cibiyar CIRAD da ke Faransa suka ɗora a kan fari masu kaɗaici da aka kamo daga sassan Sahara. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna bambancin gado mai yawa a cikinsu, da kusanci sosai tsakanin na yankuna masu nisa. Ma'ana, ba su taɓa ƙarewa ba. Suna nan da yawa, a warwatse, suna bin iska daga inda ruwa ya ɗauke zuwa inda ya sauka.

Ita kanta hamadar ba haka take ba tun fil azal. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyayi da koguna, Tafkin Chadi kuma ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000. Shaidar tana kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, har yau ga raƙuman dawa nan da aka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da raƙumin dawa ba zai rayu ba yanzu. Da ƙasar ta bushe ne ta zama irin filin da farar hamada take so: rairayi buɗaɗɗe da ruwan sama mai zuwa jefi-jefi.

Wannan tarihi ya taimaka wajen warware wani abin mamaki. Akwai 'yar uwar farar tamu a Namibiya, Botswana da Afirka ta Kudu, wadda da wuya take yin dango, kuma dazuzzuka masu laima na dubban kilomita sun raba su. Ana iya zaton sun rabu tun zamanin sanyin duniya na ƙarshe, kimanin shekara 21,000 baya, sa'ad da busasshiyar ƙasa ta fi faɗi. A 2020 waɗancan masana suka gwada labaran yanayi daban-daban da abin da ƙwayoyin gado suka nuna, lissafi ya tsaya a kan kimanin shekara 2,600, da yiwuwar ya kasance tsakanin 900 da 6,600. A lokacin babu wata busasshiyar hanya tsakanin arewa da kudu. Bayanin da ya fi dacewa shi ne wasu 'yan fari ƙalilan ne iska ta kwasa ta tsallakar da su. Zamanin da mutanen Nok suke gasa mutum-mutumin yumɓu a kudancin Kaduna ke nan.

Wanda yake ganin da wuya, ya tuna watan Oktoban 1988, lokacin da dango ya tashi daga Afirka ta Yamma ya ƙetare Tekun Atilantika, kimanin kilomita 5,000, ya faɗa tsibiran Karibiyan. Waɗannan ba su kafa zuriya ba. Amma wani bincike na 2006 ya nuna cewa dangin wannan fara kusan iri 50 da suke nahiyar Amurka sun samo asali ne daga irin wannan ƙetare da aka yi shekaru miliyoyi da suka shuɗe.

Ga ra'ayina, abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne makomar geron garinmu ba a gonar take farawa ba. Guguwar teku biyu, Mekunu da Luban, sun zubar da ruwa a hamadar Rub'ul Khali ta Larabawa a 2018, inda babu mai dubawa. Zuwa farkon 2020 Kenya tana fama da dangon da ba ta ga irinsa ba cikin shekara 70. Namu wuraren ƙyanƙyasar su ne Azbin da Tamesna a Nijar, da duwatsun Adrar na arewacin Mali, da arewacin Chadi. Can ne ma'aikatan bincike suke shiga da damina suna ƙirga fari, suna aika rahoto zuwa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rum. A 2012 fari sun hayayyafa a iyakar Libiya da Aljeriya bayan yaƙin Libiya ya gurgunta aikin feshi, suka iso arewacin Nijar da Mali daidai shigowar damina, a lokacin da rashin tsaro ya hana masu binciken shiga arewacin Mali.