GANUWA A JIKIN TSABAR KUƊI

Jama'a, ku zo mu ɗan leƙa tarihin da tsabar kuɗi ke ɗauke da shi.

A shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarkin Rum Agustus ya kafa wa tsoffin sojojinsa birni a ƙasar da ake kira Sifaniya yanzu, aka sa masa suna Emerita, wato Merida ta yau. Ba a jima ba aka buga kuɗin azurfa da hoton ƙofar birnin: mashiga biyu, hasumiya dama da hagu, ganuwa ta zagayo ta baya, sunan gari a sama. Ƙofar ta rushe tun tuni, sai gindinta a gefen sansanin da Abdurrahman na Biyu na Andalus ya gina a 835. Amma kamanninta bai ɓace ba. Har yau hoton nan na jikin kuɗi shi ne tambarin garin.

Landan ma haka. A 1922 masu haƙar ƙasa a Beaurains, kusa da Arras ta Faransa, suka ci karo da tulin dukiyar Rumawa. A ciki akwai wata babbar zinariya da ke nuna basaraken Rum Kwanstantiyus bisa doki yana dosar ƙofar gari, wata mace ta durƙusa tana tarbarsa, a ƙarƙashinta an rubuta LON. Tunawa ce da ƙwato birnin da ya yi a 296. Zamanin ɗansa Kwanstantin kuwa, kuɗin tagulla masu hoton ƙofar sansani suka cika hannun talakawa. Abin da sarki ke faɗa a nan a fili yake: ku kwana lafiya, akwai mai tsaron ƙofa.

To, mu fa?

Ganuwar Kano ba ta rasa shekaru ba. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Kakanninmu na bakin kogin Watari, daga Bagwai da ƙauyukanta, sun san ta sarai, domin duk wanda ya ɗoro gero ko dawa a jaki ya nufi Kasuwar Kurmi sai ya bi ta hannun Sarkin Ƙofa, in kuma dare ya riske shi ya tarar an rufe, sai gari ya waye. Sai dai kuɗin da ke cikin burgamensa wuri ne, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya shigo zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731). Da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda. Wuri kuwa halittar teku ce, babu maƙerin da ya buga ta balle ya zana mata Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Waika.

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Bayan 'yan shekaru suka kawo anini mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da sunan sarkinsu Edward, har da rubutun Larabci. Ƙofa dai babu. Naira ta zo a 1973, kuma cikin takardun da muke kashewa yau akwai dalar buhuna, akwai masunta, akwai Ladi Kwali tana ginin tukwane, amma ba wadda ke ɗauke da badala.

Wannan ke tayar mini da hankali duk lokacin da na biyo ta Dawanau na ga inda aka cinye ganuwa, aka ɗebe ƙasarta aka yi tubali, aka yanka filaye aka kafa shaguna. Merida ta rasa ƙofarta amma azurfa ta riƙe mata siffa. Tamu ta ƙasa ce, ƙofofi da dama an rushe su an sake su da siminti don titi ya samu faɗi, damina kuma na ci gaba da zaizaye ragowar.