Saran Maciji a Gona: Abin da Likitoci Suka Gano da Abin da Za Ka Yi Kafin a Isa Asibiti

Daga saukar damina zuwa ƙarshen kaka ne aka fi samun saran maciji a karkararmu. Lokacin noma idan ciyawa ta rufe kunya, lokacin cirar gyaɗa da roron wake, da sa'ar da za ka cusa hannu ƙarƙashin damin gero ko tarin harawa da ya kwana biyu a gona. A ƙasar Tsanyawa gida da gona kusan a manne suke, rumbu yana tsakar gida, kara yana jingine a bayan danga. Inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake kuma maciji zai biyo shi. Saboda haka ba sai ka shiga daji za ka gamu da shi ba.

Abin da ke ƙasa ba zancen wata ƙasa ba ne. Yawancinsa a nan Arewa likitoci suka gano shi, a jikin manoma irinka, a Zariya da Malumfashi da Kaltungo da Zamko.

Macizai uku da ya kamata ka sani

Ba kowane maciji ne mai kisa ba, kuma ko mai dafin ma ba kullum yake zuba dafi idan ya yi sara ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kububuwa ita ce ta fi kashe mutane a Nijeriya. Ƙarama ce, da wuya ta kai tsawon hannu, launinta na ƙasa ne da zane-zane, idan ta fusata tana goga jikinta ka ji wani sauti kamar ruwa ya zuba a kasko mai zafi. Ta fi yawa a ƙasashen Gwambe da Filato da Taraba, amma ba ta tsaya can ba, kuma ga 'yan ci-ranimmu da ke tafiya aikin gona can. Dafinta yana hana jini daskarewa. A nan yaudararta take: mutum zai ji zafi da kumburi, ya tashi ya yi tafiyarsa, ya ci abinci, a ce ai ya warke. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita daga dasashi, daga tsohon miki, a fitsari, ko ya zuba a cikin ciki ko ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani. Ba banza ba wasu ke kiranta gobe-da-nisa. Idan ba a yi allurar makarin dafi ba, cikin mutum goma da dafinta ya kama, ɗaya zuwa biyu suna mutuwa.

Kasa kuwa gajeriya ce mai kauri, ba ta gudu, kwanciya take a hanya ko cikin ganye har a taka ta. Saranta yana kawo kumburi mai tsanani da ƙuraje masu ruwa, naman wurin yana iya ruɓewa.

Sai gamsheƙa, wadda ke fasa kai ta yi tsartuwa. Binciken da aka yi a ƙasar Malumfashi, aka buga a 1980, da wanda likitocin Zariya suka yi kafin nan, sun nuna cewa da yawa ba a gona take sararsu ba, a cikin gida ne, da dare, suna barci a ƙasa. Ta shigo neman ɓera ko ƙwai ko kwaɗo, mai barci ya juya ya danne ta. Dafinta yana cin fata da nama, ya bar mutum da gyambo ko hannu a ƙage. A Malumfashin an ga kuma cewa kaɗan ne daga cikin waɗanda ta sara suka je asibiti. Akwai wasu dangin gamsheƙa da ba sa tsartuwa, su dafinsu jijiya yake kamawa: fatar ido ta sauko kamar mai jin barci, yawu ya riƙa dalala, magana ta karye, daga nan numfashi ya gagara. Wannan yana iya kisa cikin 'yan sa'o'i.

Ɗaurewa, tsagawa, tsotsewa

Nan ne na san za mu ɗan saɓa da dattawa, Allah ya ba su haƙuri. Abin da muka taso muka gani shi ne a yanko igiya ko roba a ɗaure ƙafa tamau, a sa reza a tsaga wurin, a tsotse, a ɗora baƙin dutse, a ba da jiƙo a sha har mutum ya yi amai.

Likitoci sun bi diddigin wannan. A cibiyar lafiya ta Zamko da ke Jihar Filato an duba marasa lafiya tun daga abin da aka yi musu a gida har zuwa sallama, aka buga sakamakon a 2011. Waɗanda aka yi wa irin wannan taimako sun fi daɗewa a gadon asibiti, waɗanda aka ɗaure musu gaɓa kuma sun fi buƙatar makari mai yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗauri ba ya tsayar da dafi yadda ake zato, jini yake tsayarwa. Gaɓar da ta rasa jini ga kuma dafi mai cin nama a cikinta, ita ce ake ƙarewa da yankewa. Tsaga kuwa, ka tuna mutumin da kububuwa ta sara jininsa ba ya daskarewa, to kai kuma ka buɗe masa sabuwar ƙofa da reza. Baƙin dutse, wanda ƙashin dabba ne da aka ƙona, an gwada shi a kan dabbobi da dafin macizan Afirka, ba a ga ya ceci komai ba.

Za ka ce, to ai ga wane can an yi masa na gargajiya ya tashi. Gaskiya ne, ni ma na san irinsu. Amma mun ce ba kowane maciji ne mai dafi ba, kuma ba kowane sara ne dafi ke shiga ba. Wanda bai sami dafi ba, ko ruwan randa aka ba shi zai warke, sai a yaba wa magani. Wanda dafi ya kama shi ne ke kwana biyu a gida ana jiran magani ya ci, a kai shi asibiti jini ya riga ya ƙare. Addu'a da tofi ba su hana komai, a yi su a kan hanya. Abin da ke kisa shi ne zaman jira. Binciken da aka yi a Kaltungo ya nuna haɗarin mutuwa yana ƙaruwa da kowace sa'a da aka ɓata.

To me za ka yi?

Ka janye mutumin daga inda macijin yake. Kada ku tsaya farautarsa, sau da yawa a nan ake samun sara na biyu, kuma ko kan da aka datse yana iya cizo. Idan ana iya ɗaukar hotonsa da waya daga nesa, to madalla. Idan babu hali a bar shi, likita yana gane irin dafin daga alamomin jiki.

Ka kwantar masa da hankali, ka zaunar ko ka kwantar da shi. Cire zobe, awarwaro, agogo, takalmi, duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. Gaɓar da aka sara a hana ta motsi: a jera ta da sanda ko ƙotar fartanya, a naɗe da ƙyalle sako-sako kamar yadda ake yi wa karaya, yadda yatsa zai iya shiga. Motsin tsoka ne ke tura dafi cikin jiki, don haka kada ya yi gudu, kada ya taka idan da yadda za a ɗauke shi. A babur, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. A mota, a kwantar da shi ta gefen hagu saboda amai. Duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru, za a tambaye ka.

Idan ka tarar an riga an ɗaure tamau, kada ka fizge a hanya. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya tun yaushe aka ɗaure, su za su sassauta a hankali.

Don zafi, farasitamol kaɗai. Ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, duk suna ƙara zubar jini. Kada a tsaya kemis a yi masa allura a ɗuwawu, wurin zai tara jini.

Idan tsartuwa ce a ido, magani na farko ruwa ne, mai yawa, a yi ta kwarara shi a idon a buɗe na kamar minti goma sha biyar. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye. Bayan nan a je a duba, don dafin yana iya ƙuje baƙin ido ya jawo makanta.

Kwalba da minti 20

A farkon shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa suka bi saran kububuwa a asibitocin Arewa, suka fito da wani gwaji da har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Ana ɗibar jini kaɗan daga jijiya, kamar rabin ƙaramin cokali, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, a ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, da sauƙi. Idan yana nan ruwa, dafi ya shiga jini, a fara makari nan take ko da mutumin yana dariya. Sai gilashi, mazubin roba ba ya ba da amsar gaskiya. Ba ya buƙatar lantarki ko na'ura, ƙaramin asibiti ma zai iya. Ka tambaya, cikin ladabi, ko an yi shi. Bayan sa'a shida da yin makari ana maimaitawa. Idan jinin bai daskare ba a ƙara wani.

Ko da gwajin farko ya yi kyau, kada ka matsa a sallame ku. Ana so mutum ya kwana a gaban ma'aikata, sa'a 24, saboda wani dafin a hankali yake bayyana. Mai juna biyu kuwa ko kusa kada a yi wasa, jini na iya ɓalle mata cikin ya zube. Yaro kuma adadin makarin babba ake ba shi, domin maciji ba ya rage dafi don ya ga ƙaramin jiki.

Ba kowane makari ne namu ba

Ana haɗa makari ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya ƙera abin da ke karya shi, sannan a tace. Ma'ana, makari yana aiki ne a kan macizan da aka yi shi da dafinsu. A wani asibitin karkara a tsakiyar Gana, a 2004, an sauya makarin da aka saba da shi da wani da aka ƙera a Indiya, wanda bai dace da kububuwar Afirka ta Yamma ba. Mutuwa ta tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 12 cikin 100. Kwalba ce dai, allura ce dai, kuɗi aka biya.

Nijeriya ta ɗauki macizanta ta kai Liverpool a Ingila, aka tatsi dafinsu, aka ƙera makarai biyu da shi: EchiTAb G, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ake yi a ƙasar Kosta Rika, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tsartuwa. An gwada su a asibitin Kaltungo a kan mutum 400 da kububuwa ta sara jininsu ya daina daskarewa, aka buga sakamakon a 2010. Da allurar farko kaɗai, jinin kashi 83 cikin 100 na masu EchiTAb-Plus ya dawo daidai cikin sa'a shida, na ɗayan kuma kashi 76. Babu wanda ya mutu cikin 400 ɗin. Ka kwatanta da ɗaya zuwa biyu cikin goma da muka faɗa a sama.

Makari yakan tayar wa wasu da ƙaiƙayi, ƙuraje, sarƙewar numfashi ko faɗuwar jini. Shi ya sa ba a yinsa a gida ko a shago. Sai inda aka tanadi allurar adiranalin a gefe, da ma'aikacin da zai tsaya a kai. Idan asibiti suka rubuta maka ka sayo, ka kawo musu su duba sunan da ranar lalacewa kafin a buɗe, ka kuma tambayi yadda aka adana shi, don wasu sai a firji.

Aikin bai tsaya ba. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar binciken saran maciji da Farfesa Abdulrazaq Habib ya jagoranci kafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da saran maciji kowace shekara, ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma tana son a rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030.

Aikin ƙungiya

Matsalarmu a nan ba rashin magani a duniya ba ce, rashin sanin inda yake ne a daren da ake nemansa. Makari yana da tsada kuma yana yankewa. A taronku na kafin shuka ku wakilta mutum biyu su je asibitin da ya fi kusa da ku, da na Bichi, su tambaya: kuna ajiye makarin maciji? Wane iri? Idan babu, ina kuke turawa, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano? Ku karɓi lambar da za a kira kafin a tashi, kada a yi ta yawo da mara lafiya daga ƙofa zuwa ƙofa. Ku ware wani abu a asusun ƙungiya, ko buhu ɗaya ko biyu a kaka, a matsayin rance na gaggawa da ma'aji zai iya fitarwa da tsakar dare ba sai an kira taro ba. Ku san mai mota ko mai babur ɗin da ba ya kashe waya.

Sauran kuwa kowa da gidansa. Takalmin roba mai tsawo lokacin noma da girbi, tun da yawancin sara a ƙafa ne. Tocila idan za a fita da dare, har zuwa bayan gida. Ka juya dami ko tarin kara da sanda kafin ka sa hannu. Ka nisanta itace da kara da akurkin kaji daga ɗakin kwana, ka toshe ramukan ɓera. Gidan sauron da aka raba muku, idan an cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, yana tare maciji ma. An ga haka a wani bincike a ƙasar Nepal. Da bazara in zafi ya kori iyali zuwa tsakar gida, a fito da shi a ɗaura a can, yara su fara shiga.