Daga Ɗorawa Zuwa Turare: Yadda Zaɓen Itace Ya Sauya a Ƙasar Madobi

A ƙasarmu ta Madobi, da can ba kasafai ake jin wane ya shuka ɗorawa ba. Tarar da ita ake yi. Manomi yana sharar gona ya ga ɗan tsiro, sai ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su cinye. Haka ake yi wa kuka da tsamiya da kanya. Wato iyayenmu abin da za su bari suke zaɓa. Gawo kuwa ko rago ba ya sare shi, domin da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi lif, shanu su kwanta a ƙarƙashinsa su bar taki.

Itacen ma yakan zama da mai shi daban. A rabon gado gona takan faɗa hannun wani, ɗorawar da ke tsakiyarta ta zama ta wata. Gwaggona tana da guda biyu a gonar da ba tata ba, kuma da kalwarsu ta riƙe sana'ar daddawa har ta aurar da 'ya'yanta.

Abin da ake dasawa da hannu kaɗan ne, kuma yawanci da reshe. A sari reshen ceɗiya ko durumi a kafa a ƙofar gida ko bakin masallaci, damina ɗaya ya kama.  Shingen burtali kuwa aikin dashi ne da aguwa da bini-da-zugu, don raba shanun Fulani da shuka.

Baƙin itatuwa zamanin Turawa suka yawaita. Darbejiya 'yar Indiya ce, an fara dasa ta a Borno a 1928, daga nan malaman daji na En'e suka jera ta a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu. Turare daga Ostareliya yake. Dukansu saurin girma ne ya sayar da su.

Babban sauyin ya zo da ruwan Tiga. An gama madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kwalbatoci da magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Ruwa ba ya bin gona sai an daidaita ta, saboda haka katafila ta shiga. Ɗorawar da ta ga kakan kaka ta kwanta cikin yini guda. Da aka mayar wa mutane filayensu a yayyanke, alkama da tumatir da shinkafa suka maye gurbin gero da dawa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke son inuwa. Manomin shinkafa yana da wani dalilin: itace masaukin tsuntsu ne, wanda kuwa ya taɓa yini yana korar jan-baki ba zai so reshe ko ɗaya kusa da gonarsa ba. Su ma injiniyoyi ba sa son saiwa kusa da simintin magudana, don tana tsaga shi.

Ban ce a koma baya ba. Duk wanda ya ga motocin da ke lodin tumatir a Kwanar Gafan ya san abin da noman rani ya kawo. Sai dai asarar ta fi faɗa wa mata, su da ke da kalwa da kuka da tsamiya, kuma ba su aka ba filayen ba. Yau masu daddawa da yawa waken suya suke dafawa, ko su sayi kalwar da aka kawo daga nesa.

Itace bai ƙare ba, gefe aka tura shi: bakin gari, kan iyaka, tudun da ruwa bai kai ba. Can ne ake lambunan mangwaro da gwaiba da zogale, wanda ni a ganina shi ne zaɓin masu hankali. Wanda ban yarda da shi ba shi ne jera turare a iyakar gona. Na san hujjar masu yi: cikin 'yan shekaru za a sare a sayar wa magina, kututturen ya sake tohowa. Amma saiwarsa ba ta san iyaka ba. Takan shiga gonar maƙwabci ta shanye danshi, layukan da ke kusa su tsumbure, ganyensa kuma ya daɗe bai ruɓe ba. Mai turare ya karɓi kuɗi, maƙwabci ya rasa kunya uku ko huɗu duk shekara, ƙarshe sai gaban mai unguwa.