Awon Idon Yaron da Karatu da Rubutu ke yi wa Wuya

Sau da yawa idan yaro ya kasa karatu a lakwal, sai a ce raggo ne ko kuwa ba shi da kai. Alhali akwai yaran da ba su ganin abin da malam ya rubuta a allo, kuma ba su faɗi, domin a zatonsu haka kowa yake gani. Saboda haka, kafin a tsawata wa yaro ko a fid da shi daga lakwal, ya kamata a auna idonsa.

Alamomin da za a lura da su

Yaro yana kanne ido idan yana duban allo, ko yana matsowa gaba. Yana kai littafi dab da fuska. Yana tsallake layi, yana rufe ido ɗaya da hannu, ko yana karkata kai. Yana kukan ciwon kai bayan karatu, ko ya ce baƙaƙe suna rabuwa biyu. Ido ɗaya yana kaucewa gefe, abin da ake kira harara-garke.

Yadda ake awon

Ana tsayar da yaro nesa da allon awo da mita 5 ko 6, a rufe ido ɗaya, a auna ɗayan, sannan a sauya. Wani likitan ƙasar Holan mai suna Snellen ya fito da irin wannan allo a 1862. Yaron da bai san baƙaƙe ba ma ana auna shi, da allo mai harafin E: sai ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta.

Wannan awo na farko bai isa ba, domin ganin nesa kawai yake nunawa. Akwai yaron da ke karanta allon daidai, amma idan ya duƙufa kan littafi idonsa na gajiya da sauri. Shi ya sa ƙwararren ma'aikacin ido yake auna ganin kusa, ya duba ko idanun biyu suna tafiya tare, ya haska cikin idon. Yakan kuma ɗiga magani mai sassauta idon, don ya sami ainihin awon tabarau. Bayan wannan magani ganin yaro yakan dushe na wasu awoyi, wani lokaci har kwana ɗaya, kuma haske yana damunsa. Wannan yana wucewa da kansa.

Abin da awo ke ganowa

Wani yaro yana gani kusa, ba ya gani nesa. Wani kuwa kusan ne ke wahalshe shi. Wani yana ganin abu da dishi-dishi kusa da nesa. Duk waɗannan tabarau ke gyara su. Akwai kuma idon da ya yi rauni don ƙwaƙwalwa ta dogara ga ɗan'uwansa. Ana yi masa magani da tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum. Maganin ya fi ci kafin shekara 7 ko 8, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙasarmu ana kuma duba amodari, wanda ya daɗe yana addabar yankunan Damagaram da Maraɗi, da dundumi, wato rashin gani da almuru saboda ƙarancin bitamin A. Idan aka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan ido lafiya lau yake

Ba duk wahalar karatu ke fitowa daga ido ba. Wani yaro kunnensa ne ba ya ji sosai. Wani yunwa ce ko yawan fashin lakwal. Da yawa suna fara karatu da Faransanci, harshen da ba su ji a gida. Akwai kuma yaro mai basira da kaifin gani, wanda haɗa baƙi da sautinsa ke yi wa wuya. Masana suna kiran wannan disleksiya. Tabarau ba su warkar da ita, haka ma gilashi mai launi ko motsa ido. Abin da ke taimaka wa irin wannan yaro shi ne koyarwa a hankali, sauti bayan sauti, da yawan maimaici, ba tare da duka ko gori ba.

Inda za a nufa

A fara da gidan likita mafi kusa, su za su ba da takardar zuwa wurin masu duba ido. Manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram suna da sashen ido. A tafi da littafin rubutun yaro, a kuma tambayi malaminsa abin da ya lura da shi.

Kada a saya wa yaro tabarau a kasuwa, kada a ara masa na wani, domin kowane ido da awonsa. Kada a ɗiga masa nono, ruwan sukari, ruwan ganye ko maganin da likita bai rubuta ba. Tabarau ba su ɓata ido, kuma sa su ba abin kunya ba ne. A roƙi malam ya zaunar da yaron a gaba, a kuma mayar da shi awo kowace shekara, domin ido yana canzawa yayin da yaro ke girma.